Baƙon Alhaji Salihu

Aikin Badamasi shi ne ya gaya wa manyan soja abin da ke iya faruwa kafin ya faru. Ba ya sa kaki. Ya taɓa sawa a zamanin Faransawa, amma bai daɗe riƙe da bindiga ba wani kaftin ya lura yana da kan lissafi, ya ajiye shi a ɗakin taswira. A can ya koyi sana'arsa: a tattaro ƙananan labarai daga ko'ina, a tankaɗe su, a zubar da dusa, a faɗi abin da ya rage ko da ba shi ake son ji ba. Da Dahome ta sami 'yancin kai ya dawo gida, aka ɗauke shi mai nazarin harkokin tsaro a wani biron soja, wato ofishinsu, da ke Parakou. Ya kama gida a unguwar Kpébié shi da matarsa Memuna, kullum da safe ya hau kekensa ya tafi aiki.

Yakan zaunar da ƙananan hafsoshi ya yi musu bayani a hankali. Ya ce runduna ba ta tashi da yunwa. Kafin soja su motsa sai hatsi ya yi wuya a kasuwa, sai an karɓe manyan motoci daga hannun 'yan kasuwa, sai masu jirgin fito sun fara gunaguni. Duk mai son sanin ko za a yi yaƙi, waɗannan zai duba. Wasu hafsoshin suna saurarensa. Wasu kuwa in ya juya baya sai su yi dariya, suna ce masa Mushe Gero, wato Malam Gero a bakin masu Faransanci.

Shekarar da Dahome da Nijar suka fara gaya wa juna baƙar magana kan iyakar kogi, sai jita-jita ta cika gari, wai Nijar ta tara soja a tsallake, ranar ƙetarowa kawai ake jira. Kumandan na biron matashi ne daga kudu, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi, kuma ya yarda da maganar tun kafin a bincika. So yake gwamnati a Cotonou ta ƙaro masa mutane da motoci ya tura su bakin kogi. Ya kira Badamasi ya ce yana son rapor, wato rahoto a rubuce, a kan teburinsa mako mai zuwa.

Badamasi ya shiga mota ya tafi Djougou, garinsu.

Zuriyarsu fataken goro ne tun zamanin da ayari ke bi ta Djougou zuwa Gwanja. Ayari ya ƙare, amma gidan bai daina saukar baƙi ba. Maigidan yanzu shi ne Alhaji Salihu, ƙanen mahaifin Badamasi, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Falke ya zo daga nesa ya sauka wurinsa, ya ci ya sha, ya ajiye kayansa, Alhaji ya nemo masa mai saye, in kuma wata rigima ta taso Alhaji ne ke tsaya masa. Akwai wata ƙa'ida a zauren tun kaka da kakanni: ba a ba da labarin hanya sai an faɗi wanda ya kawo shi. In ka ce gada ta karye, sai a ce, "Wa ya faɗa?" In ba ka da suna, a ci gaba da hira kamar ba ka yi magana ba, domin a da labarin da ba shi da uba ya sha kai ayari hannun 'yan fashi. Amma sunan a zaure yake tsayawa. Abin da baƙo ya faɗa a kan tabarmar maigida ba a kai shi gaban hukuma.

Badamasi ya tarar da zauren cike ana cin abincin rana. Cikin baƙin akwai Jatau, wani falken shanu daga wajen Dosso, dogo, mai ƙarar dariya, wanda shekara da shekaru ba ya sauka ko'ina a Djougou sai wannan gida. Ya ƙetaro da garkensa kafin a matsa wa iyaka, ya bar shanun suna hutawa wurin Fulani a Pélébina.

"A'a, ga mutanen gwamnati!" in ji Jatau. "Kowa ya ɓoye goronsa, za a sa masa haraji."

"Goronka da ko akuya ba ta so, Baba Jatau, wa zai sa masa haraji?" in ji Badamasi.

Zauren ya ɗauki dariya. Alhaji ya matsa masa akushi.

"Zauna ka ci kafin ya huce. Ka rame. Memuna ce ba ta ba ka abinci, ko takardu kake ci?"

Da aka wanke hannu aka raba goro, hira ta koma kan hanya, kamar kullum. Wani mai sayar da gishiri ya ce ya ji soja sun cika garin Gaya da ke tsallaken kogi, har ba wurin sa ƙafa.

"Wa ya faɗa?" in ji Alhaji.

Mutumin ya ce a tasha ya ji. Alhaji ya kawar da kai, ya dubi Jatau.

"Ni ta can na biyo da ƙafata," in ji Jatau. "Sojan da ke bakin kogi ba su fi na bara ba. Matansu na gani suna wanki a bakin ruwa, 'ya'yansu na wasa kusa da su. Motocin gyaɗa na ta lodi, ba wanda ya taɓa su. Masunta na cikin jiragensu. Wani kofur ma ya bi ni har bayan gari yana roƙona in sayar masa da maraƙi, wai zai yi kiwo. To, Alhaji, mai shirin yaƙi ne ke sayen maraƙi?"

"Ka sayar masa?"

"Da wannan tayin nasa? Ko zakara ba na ba shi."

Badamasi ya yi dariya tare da su, sannan ya yi 'yan tambayoyi. Gero ya yi wuya a can? Jatau ya ce a'a. An hana direbobi mai? Ya ce bai ji ba. Ba wanda ya yi mamakin tambayoyin. Ɗan gida ne, a wannan zauren ya koyi tafiya.

Da ya koma Parakou bai tsaya kan bakin mutum ɗaya ba. Ya zaga unguwar Guéma, masaukin fatake, ya yi hira da direbobi, ya je tashar jirgin ƙasa ya ji daga 'yan dako, ya gwada abin da suka ce da abin da biron ya riga ya sani. Duk bakinsu ya zo ɗaya. Ya zauna ya rubuta rapor ɗinsa a tsare: babu alamar shirin hari a tsallake, kuma in aka tura soja da yawa bakin kogi, ɗaya ɓangaren zai tsorata ya turo nasa, daga nan harsashi ɗaya na kuskure ya isa ya jawo abin da ake gudu. Bai sa sunan kowa ba. Tun a ɗakin taswira aka koya masa ba a rubuta sunan wanda ya ba ka labari.

Ranar da za a duba rapor ɗin, kumandan ya tara hafsoshi duka. Ya ɗauki takardar da yatsu biyu, ya fara karantawa da ƙarfi cikin Faransanci, yana jan murya.

"Matan soja suna wanki," ya karanta, ya ɗaga kai. "Wani kofur yana neman maraƙi."

Hafsoshi suka fashe da dariya. Wani daga baya ya yi kukan saniya.

"Mushe Badamasi, gwamnati ta ajiye ka a nan don ka kawo mini labarin wanki?"

"Kumandan, sojan da ke jiran umurnin hari ba ya barin iyalinsa a bakin kogin da za a yi harbi. In ka duba shafi na gaba..."

"Na duba. Abu biyu ne. Ko dai kai wawa ne, ko kuma zuciyarka tana tsallake wurin 'yan'uwanka. Ku masu wannan yaren ai duk ɗaya kuke, iyaka ba ta dame ku ba."

Kakannin Badamasi suna kwance a maƙabartar Djougou tun kafin a san akwai wata ƙasa mai suna Dahome. Ya danne fushinsa, ya ce duk abin da ya rubuta akwai shaidarsa.

"Shaida!" Kumandan ya jefar da takardar kan tebur. "Tatsuniya ce ka zauna a ɗakinka ka ƙaga. Ba wanda ya ga wannan. In an gani, wa ya faɗa?"

Tambayar da ya tashi da ita ce tun yana ƙarami. A gidansu wanda aka yi wa ita ya kasa amsawa maƙaryaci ne, kuma ga shi an ce masa maƙaryaci a gaban yaran da yake koyarwa. Bakinsa ya riga kansa.

"Jatau ne ya faɗa, falken shanu daga Dosso, baƙon Alhaji Salihu a Djougou. Da idonsa ya gani."

Kumandan ya daina murmushi, ya jawo alƙalami.

Badamasi ya gane abin da ya yi tun kafin ya rufe baki. Da aka watse ya bi kumandan har ofishinsa.

"Kumandan, wannan suna ba na rubutawa ba ne. Kuskure na yi. Mutumin ɗan kasuwa ne, hira ya yi a gidanmu."

"Mutumin Nijar, yana cikin ƙasarmu, ya san yawan soja, ya san jirage, ya san motoci. In ya iya duba nasu, ya iya duba namu. Na gode, Mushe Badamasi. Yau ne ka fara yin aiki."

Kafin mako ya zagayo, jandarmomi suka je Djougou. Da takalmansu suka shiga zauren Alhaji Salihu ana cikin cin abinci, suka ɗaga Jatau daga kan tabarma hannunsa da miya, suka jefa shi mota suka kawo shi Parakou, suka rufe a kaso.

Memuna a kasuwa ta ji. Ta dawo gida da kwando wofi, ta same shi a tsakar gida yana gyaran keke, ta tsaya a kansa.

"Malam, da gaske ne abin da ake faɗa?"

Bai tambaye ta me ake faɗa ba. Ya ce da gaske ne.

"Na gai da Hajo yau, matar da ta yi mini wankan jego, ta juya mini ƙeya. A gaban mutane! Ubana ma mai saukar baƙi ne a Guéma, ka manta? Da wane ido zan shiga gidanmu?"

"Ba da nufi na yi ba, Memuna. Ya ce mini maƙaryaci a gaban..."

"To sai me? Sai ka mutu? Kai da kullum kake ce mini haƙuri, haƙuri, a auna magana kafin a faɗa. Wani yaro da aka haifa jiya ya ce maka maƙaryaci, sai ka ɗauki dattijo ka miƙa masa don a wanke ka!"

"Zan fito da shi."

"Ka fito da shi ɗin. Kafin nan kada ka tambaye ni abinci, ba wanda ya sayar mini da komai."

Kullum sai ya je wurin kumandan. Ya roƙa, ya kawo hujja, ya nemi a bar shi ya ga Jatau, aka hana. A ƙarshe kumandan ya ce akwai hanya mai sauƙi. Badamasi ya sake rubuta rapor ɗin, ya ce ya gano turo mutumin aka yi da labarin ƙarya don a sa su sakankance. Cotonou za ta aiko da motoci, shi kuma falken in ƙura ta lafa a raka shi iyaka.

"In na rubuta haka na sa masa igiya a wuya," in ji Badamasi. "Kai ma ka sani. Ba a raka ɗan leƙen asiri iyaka."

"Kai ka kawo shi nan, ba ni ba."

"Ni na kawo shi, kuma ba zan ƙara masa ƙarya a kai ba! Ka nemi in gaya maka abin da ke tsallake, na gaya maka. Ba ka so, don ba gaskiya kake nema ba, motoci kake nema. Za ka kwashi 'ya'yan mutane ka jera su bakin kogi don a ce kana da runduna!"

Bai taɓa ɗaga murya a biron ba. Sojan da ke gadin ƙofa ya leƙo. Kumandan ya nuna masa hanyar fita da alƙalami, ya ce ya je ya yi tunani.

Washegari da hantsi Alhaji Salihu ya iso Parakou cikin motar goro. Bai biya ta Kpébié ba. Ya wuce kai tsaye ƙofar bariki, ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ya zauna ya fitar da carbi. Bai aika wa kowa ba, amma labari ya kai Guéma. Masu saukar baƙi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, don kowannensu ya san abin da aka yi a zauren Djougou ana iya yinsa a nasa. Bayansu dillalai suka zo, da mahauta, da direbobi. Ba mai ihu, ba mai riƙe da sanda. In mutum ya iso sai ya gai da Alhaji, ya nemi wuri ya zauna. Kafin azahar inuwar mangwaron ta kasa ɗaukarsu.

Kumandan ya fito, ya sa aka kira Badamasi ya yi tafinta.

Badamasi ya durƙusa. "Baffa, sannu da zuwa."

Alhaji bai dube shi ba.

"Kai ne tafinta? To. Duk abin da na ce ka juya masa shi duka. In ka rage kalma ɗaya ban yafe ba."

"To, Baffa."

"Gaya masa mutumin da ya kama baƙona ne. A wurinmu in baƙo ya yi laifi maigida ake nema. Ga ni na zo. Ya sake shi ya sa ni a madadinsa."

Badamasi ya miƙe ya juya maganar. Kumandan ya ce doka ba ta san wannan ba, wanda ake zargi shi ake tsarewa, tsoho ya koma gida.

"Gaya masa Faransawa sun zauna ƙasar nan shekara da shekaru," in ji Alhaji. "Sun karɓi haraji, sun sa mu aikin dole, sun kwashi 'ya'yanmu soja. Amma ba wanda ya taɓa shiga zaurena da takalmi ya ɗauki baƙo a kan akushi. Sai yanzu da aka ce mun sami 'yanci. Tambaye shi, 'yancin ke nan?"

Badamasi ya juya maganar. Alhaji bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Gaya masa kuma ba shi na fi jin haushi ba. Shi baƙo ne a nan, bai san ƙa'ida ba. Wanda ya sani shi ne wannan da ke tsaye tsakaninmu. Ni na riƙe shi da ubansa ya rasu. Ni na sa shi lakwal, makarantar boko, dangi na zagina wai na ba Nasara ɗan ɗan'uwana. Ya zo ya zauna kan tabarmata, ya ci tuwona, ya yi wasa da baƙona, sannan ya kwashi maganarsa ya kawo bariki. Ko ɓarawo in ya ci abincin gida ba ya komawa ya fasa shi. Faɗa masa."

Badamasi ya dubi taron. Mutanen da ke zaune duk sun ji, ba su buƙatar tafinta.

"Na ce ka faɗa masa!"

Ya faɗa. Cikin Faransanci mai kyau, irin wanda yake rubuta rapor da shi, ya ce wannan mutum da ke tsaye ya ci abincin gidan da ya rene shi ya ci amanarsa, ya ce ɓarawo ya fi shi. Bai rage komai ba. Da ya gama kumandan ya kawar da ido, ya dubi taron, sannan ya jawo shi gefe.

"Waɗannan mutanen, me za su yi?"

"Tambayata kake yi a matsayin mai nazari?"

"Amsa mini."

"Ba za su jefa ko tsakuwa ba," in ji Badamasi. "Zama za su yi. Gobe mahauta ba za su yi yanka ba, har naman barikinka. Jibi mutanen Djougou za su iso, direbobi su ajiye motoci, kaya su taru a tashar jirgi ba mai ɗauka. Daga nan Cotonou za ta tambaye ka yadda aka yi arewa ta tsaya cik, bayan ka ce musu haɗarin yana tsallaken kogi. Kuma in suka ce ka kawo laifin mutumin, ba ka da komai sai cewa ya ga mata suna wanki."

"Barazana kake yi mini?"

"Rapor ne. Ba shi aka ajiye ni in yi ba?"

Kumandan ya juya ya shige bariki.

Aka yi azahar a wurin, Alhaji ya ja salla. Badamasi ya tsaya a sahun ƙarshe, mutumin da ke gefensa ya ɗan matsa. Bayan la'asar ƙaramar ƙofar bariki ta buɗe, aka turo Jatau waje.

Ba hula a kansa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, yana jan ƙafar hagu, rigar da aka kama shi da ita ce a jikinsa, har da busasshiyar miya a hannun. Taron ya ɗauki salati. Alhaji ya miƙe da kyar, ya cire hularsa ya ɗora masa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Sannu, Jatau. Sannu. Allah ya saka maka. Ga mota can tana jira, mu je gida."

Jatau ya bar hannunsa cikin na Alhaji.

"Maigida, ka tsaya mini, na gani. Ba kowa ke yin abin da ka yi ba. Amma ni da kwana gidanka an gama."

"Haba, Jatau. Shekara nawa?"

"Ba fushi nake da kai ba, wallahi. Ina da 'ya'ya a Dosso. Zauren da ke da kunne a bariki ba wurin kwanan falke ba ne. Kai ma da kai ne ba za ka koma ba."

Badamasi ya matso ya durƙusa a gabansu.

"Baba Jatau, ka yafe mini. Ni na faɗi sunanka."

Jatau ya dube shi da idon da ya rage.

"Ɗan maigida, ka san abin da suka yi ta tambayata? Maraƙin nan. Wai wane kofur ne, ina yake kwana, me ake nufi da maraƙi. Na ce musu ɗan saniya ake nufi. Suka ce raina su nake yi." Ya yi wata 'yar dariya, ya dafe haƙarƙari. "Kwana da kwanaki ana dukana a kan maraƙin da ban ma sayar ba. Tashi, tashi. Yafiya ba yau ba."

Wani mai saukar baƙi na Guéma, Idrisu, ya matso yana sunkuyar da kai don kunyar Alhaji, ya ce in an yarda Jatau ya kwana wurinsa a gasa masa jiki. Alhaji ya ce a je da shi. Jatau ya ce zai aika a koro masa shanunsa daga Pélébina, sauran kayansa da ke ɗakin baƙi a haɗo masa da su. Ya so ya mayar da hular, Alhaji ya girgiza kai. Aka kama shi aka tafi da shi a hankali.

Mutane suka fara naɗe tabarmi. Badamasi ya kai hannu zai ɗauki buzun baffansa, Alhaji ya taka gefensa da ƙafa, ya sunkuya ya naɗe abinsa da kansa.

"Baffa, ka zo gida ka sha ruwa. Memuna..."

"Na sha."

"Baffa, abin da na rubuta gaskiya ne. Da an tura yaran nan bakin kogi, da wasu sun mutu a banza."

Sai a lokacin Alhaji ya dube shi.

"Wa ya ce maka ƙarya ce? Jatau ba ya ƙarya, shi ya sa nake zaunar da shi kusa da ni. Ka san hanya, ka ɗauki labarin ka tafi da shi, ba wanda zai hana ka. Sunansa fa? Naka ne da za ka bayar?" Ya sa buzun a hammata. "Gobe labarin nan zai kai Kandi, ya kai Gaya, ya kai Salaga. Gidan da kakanka ya gina da amana, ka rushe shi don wani yaro ya yi maka dariya. In ka zo Djougou gai da matan gida, akwai ƙofar baya. Zaure kuwa ka gama shigarsa."

Ya juya ya nufi motar goro da kai ba hula. Direba ya kama shi ya hau gaba, motar ta tashi.

Badamasi ya tsaya ƙarƙashin mangwaron. Direbobi da dillalan da ya saba hira da su a Guéma suna wucewa ta gabansa. Ya gai da wasu. Suka amsa gaisuwar cikakkiya, lafiya lau, ina gajiya, ina iyali, ba wanda ya ƙara kalma a kai, ba wanda ya rage tafiya.

Wani soja ya fito daga bariki da sauri ya ce kumandan na kira. Yana so a rubuta masa, kafin gobe, abin da 'yan kasuwar arewa ke shirin yi bayan wannan.

"Ga su can suna tafiya," in ji Badamasi. "Je ka ce masa ya fito ya tambaye su da kansa."

Ya ɗauki kekensa daga jikin katanga, bai hau ba, ya tura shi ya bi hanyar Kpébié.